Gishirin Bangon Umm Jasim

Gidan ya shekara guda da allon sayarwa a jikin katangarsa kafin a kawo Ɗalhatu gadinsa. Bene ne mai hawa ɗaya a wani lungu na Matar Ƙadim, unguwar tsohon filin jirgi, irin ginin shekara arba'in baya: tsakar gida mai faɗi, ɗakin baƙin maza a ware kusa da ƙofa, tagogi ƙanana masu ƙarfen kariya. Masu shi sun tashi sun koma sabon gida a arewacin Doha. Da aka ga wasu sun fara jibge tsofaffin katifu a bakin ƙofa, sai babban ɗan gidan ya nemi kamfanin gadi ya ajiye masa mutum guda da rana.

Ɗalhatu mutumin Funtuwa ne, shekararsa arba'in da bakwai. Kafin ya sa yunifom magini ne. Ya yi shekara goma sha biyu yana ɗora bulo a gida, ya ƙara bakwai a Legas, wajen Aja, inda ake cike fadama da yashi a dasa gidaje a kai. Da aiki ya yi wuya ne ya biyo wani ɗan garinsu zuwa Qatar, takardar da ta samu kuwa ta gadi ce. Bai yi ƙorafi ba. Motar kamfani takan ɗauko shi daga masaukinsu na Mesaimeer ta sauke shi ƙarfe shida na safe, ta dawo shida na yamma. Tsakanin nan babu abin yi sai zama a kujerar roba, da salla a masallacin ƙarshen layi, da zagaya gidan sau uku a wuni.

A zagayen nan ne ya san ciwon gidan. Daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, fentin bangon ya kumbura ya yi ɓawo, wani farin gari kamar kanwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashinsa. Idan ka shiga falo, warin laima ne zai fara yi maka maraba. Abin ya fi tsanani ta ɓangaren kicin, yana raguwa yayin da kake nufar ƙofar gida. Ɗalhatu ya ga wannan, ya ga wani abu kuma, amma ya kama bakinsa.

Wadda ke kawo masu duba gidan wata dillaliya ce mai 'yar jar mota, daga wani ƙaramin ofishin dillalai a Muntazah. Takan zo da tarin makullai a hannu, ta riga baƙi shiga, ta bubbuɗe tagogi, ta fesa turare. Da Larabci da Turanci take magana, don haka Ɗalhatu bai taɓa wuce "sannu" irin ta ɗaga hannu da ita ba. Masu dubawa sukan yaba faɗin tsakar gida, su shiga falo, sai ka ga matar ta kai bakin mayafi hanci. Ba a minti goma sun fito.

Wata rana cikin watan Agusta, lokacin da iskar teku ke zuwa a jiƙe har riga ta manne wa mutum a baya, baƙi suka tafi suka bar ta tsaye a gindin motarta. Ta danna waya ta kara a kunne.

"Wallahi Gariba, gidan nan ya gajiyar da ni," in ji ta. "Masu dubawa na goma sha huɗu ke nan. Ko sama ba su hau ba."

Ɗalhatu ya ɗago kai. Ya jira ta gama, sannan ya miƙe ya matso.

"Hajiya, ashe Hausa kike ji? Sannu da aiki."

Ta juyo da mamaki, sai ta fashe da dariya. Sunanta Fausatu, 'yar Zangon Kumasi ce, shekararta tara a Doha. Hausarta irin ta can ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "ya ce" ne a bakinta. Gariba da ta kira mijinta ne, mai gyaran famfo a wani ƙaramin kamfanin gyaran gidaje. Suka gaisa, aka tambayi mutanen gida, sannan ta koma kan abin da ke cinta.

"Sau biyu aka yi masa fenti, Malam Ɗalhatu. Fenti mai tsada. Wata biyu sai ya sake kumbura."

"Ko sau goma aka yi, haka zai yi," in ji shi. "In kina da minti biyar, zo ki gani."

Ya kai ta falo. Ya ciro makullin akwatinsa daga aljihu ya riƙa ƙwanƙwasa bango daga sama yana gangarowa. A sama ƙarar tana fita a tsaye. Da ya zo daidai ƙugu sai ta koma kamar ana buga ƙwarya. Ya ɓanɓari ɓawon fenti, ya lakato farin garin ya ɗora a harshe, ya tofar.

"Gishiri ne. Ruwa ke hawa ta cikin bango, ya bushe a fuska, ya bar gishirin. Shi ke ture fenti."

"Kowa ya faɗa mini haka," in ji Fausatu. "An ce ƙasar unguwar ce, teku na kusa, babu magani."

"Akwai wannan. A Aja na sha gani. Amma da ƙasa ce kawai, da ko'ina daidai zai ci. Me ya sa ya fi cin wajen kicin?" Ya ɗaga yatsa. "Tsaya ki ji."

Suka yi shiru. Can sai injin tura ruwa da ke bayan gida ya tashi, ya yi gurnani kamar na minti biyu, ya mutu.

"Duk rabin awa haka yake yi. Ni kaɗai ne a gidan nan, a masallaci nake alwala. Wa ke shan ruwan? Akwai bututun da ya fashe a ƙasa, kuma ya daɗe."

Fausatu ta dube shi tun daga hular yunifom har takalmi.

"To me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Hajiya. Gadi aka kawo ni."

Washegari ta zo da Gariba, wani dogo mai yawan raha. Ya rufe duk wani kan famfo na gidan, ya je ya tsuguna gaban mitar ruwa. Allurar tana tafiya a hankali, ba ta tsaya ba. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya miƙa wa Ɗalhatu hannu a karo na biyu, wannan karon da hannu bibbiyu.

Sai da aka yi sati uku kafin masu gidan su zo. Jasim, babban ɗan, ya fito daga mota cikin farar jallabiya, waya a hannu, kana ganinsa ka ga mai sauri. Ya zagaya ya buɗe wa mahaifiyarsa. Umm Jasim tsohuwa ce gajeriya mai dogara sanda, sanye da baƙar abaya da ɗan abin rufe fuska mai ruwan zinariya irin na tsofaffin matan ƙasar. Ba ta shiga falo ba. A tsakar gida ta tsaya, Ɗalhatu ya kawo mata kujerarsa.

A hanya Fausatu ta riga ta faɗa masa yadda abin yake. Jasim so yake a sayar a huta, ko wa zai saya. Tsohuwar kuwa ta kafe sai mai iyali, wanda zai zauna a ciki.

Ɗalhatu ya yi bayani da guntun Larabcinsa na Islamiyya da na titi, inda ya maƙale Fausatu ta ɗora. Jasim ya saurara yana kallon waya.

"Kwana nawa?" ya tambaya.

"Wata uku."

Jasim ya yi dariya. "A wata uku ana ɗora hawa goma a Lusail."

"Aikin hannun bai fi sati uku ba, ranka ya daɗe. Sauran jira ne. Sai an tuɓe bangon an bar shi ya bushe. In aka rufe shi da ɗanyensa, an koma gidan jiya."

Jasim ya buɗe baki zai yi magana, tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya.

"Khalas, ya isa," in ji ta. "A bar shi ya yi." Ta juyo wajen Ɗalhatu. "Wa ye babban ɗanka?"

"Mace ce, Mama. Safiya."

"To, Abu Safiya, ka gyara mini gida."

Mai takardar gadi ba ya ɗaukar guduma haka kawai, sai kafil ɗinsa, wato kamfanin da ya ɗauko shi, ya yarda. Jasim ya yi waya biyu, aka yi takarda, kamfanin gadi ya ba da aronsa ga kamfanin su Gariba na wata uku. Suka jira zafi ya karye. Farkon Nuwamba Ɗalhatu ya ninke yunifom ya sa a jaka, ya sa tsohuwar riga, ya karɓi kurfi da guduma. A ranar farko tafin hannunsa ya yi bororo, shekara huɗu rabonsa da aikin. Da yamma a cikin mota yana ta duban bororon yana murmushi, har na kusa da shi ya tambaye shi ko lafiya.

A kwana na uku Gariba ya tarar da bututun, ƙarƙashin tayil ɗin bayan kicin. Tsohon bututun ƙarfe ne, tsatsa ta cinye shi har yatsa na shiga, ƙasar da ke kewaye da shi ta zama taɓo. Aka cire, aka ja sabo na roba ta waje inda ido zai riƙa ganinsa. Ɗalhatu da leburori biyu suka bi bangon ƙasa gaba ɗaya suna sare filasta har ƙirjin mutum, sai bulo tsirara.

Umm Jasim ta mai da zuwa wurin al'ada. Direbanta yakan kawo ta da hantsi, da filas ɗin karak, shayin madarar nan mai kauri, da gurasa mai laushi a nannaɗe cikin tawul. Takan zauna a inuwa tana kallo, ba ta cika magana ba. Wata safiya Ɗalhatu ya zo gabanta da guntun tsohuwar filasta a tafin hannu, ya murƙushe ta da yatsa.

"Mama, dubi."

Cikin garin akwai 'yan ƙananan ɓawon katantanwar teku, farare, wasu ba su kai ƙwayar gero biyu ba.

"Yashin bakin teku aka yi ginin da shi, ba a wanke ba. Gishirin yana kwance a ciki tun ranar farko. Ruwan bututun ne ya tashe shi."

Tsohuwar ta karɓa ta kai kusa da ido. Ta daɗe tana juya su. Sai kafaɗunta suka fara rawa, Ɗalhatu ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Abu Jasim!" in ji ta. "Allah ya jiƙanka, Abu Jasim!"

Ta ba su labari, Gariba ma ya ajiye aiki ya matso. Mijinta ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne. Lokacin da ake ginin, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan ari motar ɗaukar kaya, shi da ƙannensa biyu su nufi gaɓar teku ta hanyar Wakra, su cika ta da yashi da shebur. Maginin, wani ɗan ƙabilar Balushi mai gemu, ya yi ta roƙonsa a wanke yashin. Shi kuwa ya ce ruwan daɗin da ake sayowa a tanka ba zai ƙare a wankan yashi ba.

"Har ya rasu yana alfahari, wai kowace ƙwayar yashin gidan nan shi ya ɗebo ta da hannunsa. Ni kuma na yi shekaru ina faɗa da masu aikina, na ce ba sa goge bango da kyau." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka ajiye mini waɗannan, zan nuna wa Jasim halin ubansa."

Daga nan aka shiga jira. Gariba da leburorin suka koma wani aikin, aka bar Ɗalhatu shi kaɗai. Kowace safiya yakan buɗe ƙofofi da tagogi, ya bi bulo da burushin waya yana kankare farin da ya fito cikin dare. Bayan 'yan kwanaki ya wanke da ruwan daɗi, ya sake bari. Gishirin ya yi ta fitowa, yana raguwa sati bayan sati. Tsakanin haka bai zauna ba. Ya fasa kwamin furannin da aka gina a manne da bango, ya mai da shi tsakiyar fili. Ya gyara gangaren tsakar gida yadda ruwa zai guji ginin. Ya hau rufi ya yashe indararon da tattabaru suka toshe. Daga can sama, ta tsakanin dogayen gine-gine biyu, ana hango wani ɗan siririn shuɗi. Da ya faɗa wa tsohuwar, ta ce a da daga nan suke ganin jiragen ruwa suna shigowa, har Abu Jasim ya riƙa faɗa mata sunayensu.

Jasim ya leƙo sau biyu. A zuwa na biyu ya tarar da gidan yadda ya bar shi, bulo a waje, sai ransa ya ɓaci.

"Sati shida! Me kake jira?"

Ɗalhatu bai yi gardama ba. Ya kai shi bayan kicin, inda ya manna wata farar leda a bango tun jiya, ya liƙe gefunanta. Ya ɓanɓare ta. Cikinta ya yi gumi, ɗigo-ɗigo.

"Ranar da na cire ta a bushe, ranar zan kwaɓa siminti."

Jasim ya shafa ledar, ya dubi yatsunsa. Ya shiga mota, bai kuma sake tambaya ba.

Ledar ta fita a bushe cikin satin farko na Janairu. Ɗalhatu ya ƙara kwana uku don hankalinsa ya kwanta. Sannan aka kawo wankakken yashi da siminti mai jure gishiri, ya yi filastar da hannunsa, hannu biyu, wato shafi kan shafi, yana bi da katako yana duba ta gefen ido. Da ta kama aka yi fenti mai barin bango ya sha iska. Ranar da aka gama, Fausatu ta shigo falo da gwangwanin turarenta, ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi. Ta mai da gwangwanin cikin jaka.

Ɗalhatu ya koma yunifom, ya koma kujerarsa a ƙofar gidan. Yanzu masu dubawa sukan daɗe a ciki. Wani malamin makaranta da matarsa da 'ya'ya uku sun zo har sau uku, a na ukun matar ta zo da tef ta auna kicin. Ɗalhatu ya riga ya fara ganinsu a gidan, har ya nuna wa mijin inda sabon bututun ya bi. Sai aka yi wa malamin canjin wurin aiki zuwa Khor, can arewa, maganar ta mutu.

Bayan kwana goma Fausatu ta zo ita kaɗai, ba baƙi, ba makullai. Ta tsaya a gefen kujerarsa tana wasa da igiyar jakarta.

"Malam Ɗalhatu, an sayar."

"Alhamdu lillahi. Su wa?"

"Wani ɗan kwangila. Shi ya sayi filaye biyun da ke baya." Ta saki igiyar jakar. "Ba gidan yake so ba, filin yake so. Zai rushe ya haɗa da sauran, ya yi bene na haya. Abin da ya taya, babu mai iyalin da zai kai. Magada shida ne, biyu a ciki suna da buƙata. Mama ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya sa hannu."

Ɗalhatu ya dubi katangar gidan. A ƙasa-ƙasa, inda a da ɓawo yake, fentin na kwance sumul.

"To," in ji shi. "Ai nasu ne."

"Na so in faɗa maka da kaina, kada ka ji a bakin wani."

"Kin kyauta, Hajiya."

Aka kira azahar ya tafi masallaci. Da ya dawo bai yi zagayen rana ba, ya zauna kawai. Ya gina gidaje da dama a rayuwarsa, yawancinsu bai sake ganinsu ba, bai kuma damu ba, don ya san akwai mutane a ciki. Wannan ne na farko da ya san ba wanda zai jingina bayansa da bangon. Kwana biyu abincin masauki bai yi masa daɗi ba. Da Gariba ya kira don ya ba shi haƙuri, sai ya ce, "Da na sani da ban yi hannu na biyu a bayan kicin ba." Suka yi dariya, amma ta Ɗalhatu ba ta yi nisa ba.

A rana ta uku motar Umm Jasim ta tsaya a ƙofa, bayanta kuma wata babbar mota cike da kaya: darduma, tukwane, katifu, gado mai ƙarfe. Tsohuwar ta sauko ta tsaya a gabansa.

"Ka yi fushi da ni, Abu Safiya?"

"A'a, Mama. Na dai ji ba daɗi."

"Ni ma." Ta dogara sandarta da hannu biyu. "Ka san yadda na bar gidan nan? A kwance aka fitar da ni, ƙirjina ya toshe. Likita ya ce laima ce, ya ce kada in sake kwana a ciki. Ko sallama ban yi da maƙwabta ba. Na ce wa ɗan kwangilar zan sa hannu, amma ba zai karɓi makulli ba sai bayan salla. Azumin bana a ɗakina zan yi shi. Zo ka kama musu gadon nan, kada su goge mini fenti."

Haka gidan ya cika. 'Ya'yanta mata suka dawo da tukwanensu, jikoki suka mai da tsakar gida filin ƙwallo. Jasim da kansa yakan baro ofis da la'asar ya zauna a ɗakin baƙi tare da dattawan layin, waɗanda suka san shi tun yana yawo ba takalmi. Ana kiran magariba kafin motar kamfani ta iso, don haka kullum a nan Ɗalhatu ke shan ruwa. Ranar farko an kawo masa kwano a bakin ƙofa. Rana ta biyu Jasim ya fito ya kama hannunsa ya shigar da shi ciki, ya zaunar da shi a kan darduma tsakanin wani tsohon limami da wani ɗan sanda mai ritaya. Aka ci dabino, aka ci haris, faten alkama da nama da ake tuƙawa har ya yi santsi. Direban motar kamfani ya yi ta danna ham a waje, daga baya shi ma aka riƙa shigo da shi.

Da rana kuwa tsofaffin matan unguwa ne ke zuwa wajen Umm Jasim. Ɗalhatu yakan jiyo ta tana zagayawa da su ɗaki-ɗaki, sandarta na ƙwanƙwasa bango. "Taɓa ki ji. A'a, ƙasa, nan inda naki ya ruɓe. Shaƙi ki ji." Sai ta ɗaga murya: "Abu Safiya! Zo ka faɗa mata abin da ke damun gidanta." Yakan ce ba zai iya faɗa ba sai ya gani. Wannan amsar ta fi komai burge su.

Kwana huɗu bayan salla aka kwashe kaya. Umm Jasim ce ta fito ƙarshe, da ƙafarta, ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya tana sallama. Ta miƙa wa Jasim makulli, ta yi wa Ɗalhatu addu'a mai tsawo, shi da Safiya da ƙannenta, ta shiga mota.

Kamfanin gadi ya mai da shi wani dogon bene a bakin ruwa a Lusail, inda aikinsa buɗe wa motoci shinge. Ranar da aka rushe gidan Gariba ya turo masa bidiyo a waya. Ya kalli farkonsa, daidai inda bakin katafila ya taɓa ɗakin baƙi, sai ya kashe ya mai da wayar aljihu. Wata mota ta zo, ya ɗaga mata shinge.

Ba a yi wata guda ba Gariba ya same shi a masauki wata Juma'a da rana, tare da maigidansa, wani Basudane mai kamfanin gyaran. Mutumin bai yi dogon zance ba. Gidaje huɗu sun kira ofishinsa, uku a Matar Ƙadim, ɗaya a Wakra, kuma duk magana ɗaya suke: a turo musu Abu Safiya. Ya tura wani, an dawo da shi. Idan Ɗalhatu ya yarda, zai mai da takardarsa kamfaninsu, a matsayin magini.

Ɗalhatu ya ce a ba shi kwana biyu. Ya kira matarsa Haulat a Funtuwa ya faɗa mata, ya ce aikin ya fi gadi wahala, ga rana, ga shekaru sun fara ja. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, tun da ka fara maganar nan muryarka ta canza," in ji ta. "Ka riga ka yarda, ni kake so in faɗa maka. To na faɗa."

Ya ba kamfanin gadi sanarwa, ya cika wa'adinsa, ya mai da yunifom.

Gidan Wakra na wata ƙawar Umm Jasim ce, taku kaɗan daga bakin ruwa, 'ya'yanta na so a gyara a sa a kasuwa. Fausatu ce dillaliyar. Ta riga su isa, tana tsaye da waya tana ɗaukar hoton barandar sama, wadda ke kallon teku kai tsaye.

"Wannan barandar kaɗai za ta sayar da gidan," in ji ta. "Sati nawa za ka ba ni, Malam Ɗalhatu?"

Ɗalhatu ya nufi gindin ginin. Ya tsaya a ƙarƙashin barandar ya ɗaga kai. Wata tsaga ta bi gefenta daga farko har ƙarshe, jan ruwan tsatsa ya zubo ta ciki ya bushe. Ya sa aka kawo tsani, ya hau, ya zura kurfi a tsagar. Guntun kankare ya ɓalle ya faɗo, rodin da ke ciki ya bayyana, ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon itace.

Ya sauko ya nemi matar gidan, ya gaishe ta, ya roƙe ta a kulle ƙofar barandar yau ɗin nan, kada kowa ya sake takawa. Sannan ya juyo wajen Fausatu.

"Ki ajiye hoton tukuna, Hajiya. Sai mun tokare ta, mun buɗe mun ga iya inda tsatsar ta kai. A lokacin zan faɗa miki sati nawa."

Fausatu ta yi ajiyar zuciya, ta sa wayar a jaka. Gariba ya riga ya buɗe bayan mota.

"Yalla, mu fara," in ji shi. "Turakun ƙarfe nawa za mu sauke?"

"Shida," in ji Ɗalhatu. "Kawo takwas."